Dalilin da Ya Sa Iskar Bakin Tabki Take Juyawa da Magariba

Dalilin da ya sa iska take busowa daga tabki da rana, amma rana na faɗuwa sai ta juya ta nufi ruwa, ba komai ba ne illa kunyar ɗan fari. Ku gyara zama ku ji, ku bar zungurar juna.

A can da, Iska mace ce mai 'ya'ya maza biyu. Babban shi ne Tabki, ƙaramin kuma Tudu. To, kun dai san al'ada: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta yarda a ga ta damu da shi. Iska kuwa ta riƙe al'adar nan har ta wuce gona da iri. In zance ya biyo ta kan Tabki sai ta kawar da kai ta ce "wancan". Tudu kuwa auta ne, ɗan lele, ko atishawa ya yi tana kansa.

Shi Tudu ba shi da haƙuri ko kaɗan. Hantsi na dubawa jikinsa zai ɗau zafi, ya cika gari da ihu: "Inna, zan ƙone!" Sai ta zo da maficinta a guje, ta yi ta yi masa fifita har yamma. Rana na faɗuwa ya huce, ya shiga sharar barci, ita ma ta kwanta gefensa a gajiye. A zamanin nan ko ganye ba ya motsi a kan ruwa.

Tabki kuwa mai zurfin ciki ne. Ranar da ke dukan ƙanensa ita ke dukansa, amma shi haɗiye zafin yake yi kaɗan-kaɗan, fuskarsa a sake kamar ba komai. Sai magariba ta yi, kowa ya sami sanyi, sannan abin da ya haɗiye ya taso masa. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Shekara da shekaru yana ramewa, bakin ruwa yana ja da baya, kifaye suna tasowa matattu.

Wata rana da yamma lis, Tasalla, matar wani masunci, ta je wanke kwandunan kifi. Tana tsoma ƙafa ta ja da baya, don ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Ta bar kwandunan nan ta nufi wurin Iska.

Bayan sun gaisa ta ce, "Inna, babban ɗanki ba shi da lafiya."

Iska ta dubi gefe ta ce, "Wancan? Ai ban taɓa jin ya koka ba."

"Wa zai koka wa? Ni ma ina da ɗan fari, kuma ban taɓa kiran sunansa ba. Amma wallahi na san ranar da bai ci abinci ba. In kika bar shi haka, baɗi war haka sai dai ki ga busasshen taɓo a inda yake."

Maganar ta soki Iska. Ta so ta tashi nan take, kunya ta hana ta. Me mata za su ce in sun gan ta tsugune gaban ɗan fari da mafici? Cewa za su yi ta zubar da kunya da tsufanta. Amma in ya ƙafe fa, ba ta taɓa ko dafa goshinsa ba? Nan ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba. Ta jira rana ta faɗi, Tudu ya yi barci, mutane suka shige gida, sannan ta ja mayafi ta gangara.

Tabki ya ce, "Inna, ke ce? Lafiya dai?"

Ta ce, "Wucewa nake yi."

Ta ɗora masa hannu, ta ji zafin da ya shekara yana ɓoyewa, sai hawaye. Ta ce, "Kai kuwa me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Na ga ƙanena ya fi ni bukata. Kuma ban so a yi miki dariya saboda ni."

Ta zauna ta shiga yi masa fifita, ruwa ya fara 'yan ƙananan igiyoyi, waɗanda su ne na farko a duniya. Tabki ya yi ajiyar zuciya, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Da gari ya waye shi ya tashe ta. "Inna, ki koma kafin mutane su fito. Yanzu Tudu zai fara kuka. Ki jiƙa maficinki a jikina ki kai masa, na sami sanyin da zan ba shi."

Ta ce, "In rana ta faɗi zan sake wucewa."

Shi ya sa har yau, in hantsi ya yi tudu ya ɗau zafi, za ku ji iska mai sanyi ta taso daga ruwa da ƙarfinta, tana sauri wurin auta. In magariba ta yi kuma sai ta ɗan tsaya cik, tana duba ko akwai mai kallo, sannan ta juya wurin babban. Ku lura, ta yamman nan ba ta da ƙarfi, da kyar take kaɗa ciyawa, don sanɗa take yi. Ku 'yan fari da ke cikinku, in kun ji an gyara muku mayafi kuna barci, kada ku buɗe ido, innarku ce, ku bar ta ta gama.