Alamar da Babba Ya Gusar

An yi wani mutum mai ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti. Ya daɗe a aikin, har ido kawai yake sa wa majinyaci ya murɗa na'ura, hoto ya fito, wani sa'in da kyau, wani sa'in da dama-dama. Shi ya kawo ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya koya masa riƙon fim. Ma'aikata suka sa musu Babba da Ƙarami.

Ƙarami ba ya aiki da ka. Sai ya auna kaurin jikin mutum, ya duba nisan kan na'ura daga fim, sannan ya yi lissafi. Yakan ce abin kamar fitila ne da bango: in ka ninka nisa biyu, hasken da zai isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, dole ka ninka ƙarfin sau huɗu. Hotunansa suka riƙa fitowa tangaran. Likitoci suka fara leƙowa suna cewa, "Ƙarami yana nan?" alhali ga Babba zaune a gabansu, ba su ko ga girman rigarsa ba.

Ya 'yan uwa, me aka rage wa Babba? Albashinsa yana nan, kujerarsa tana nan. Amma duk yabon da aka yi wa ƙanin sai ya ji kamar daga cikin nasa akushin aka ɗiba. A gida ma, in mahaifiyarsu ta ce, "Allah ya yi wa yaron nan kai," sai ya ture kwanon abinci ya tashi. Ya yi kishin ƙaninsa, kishi mai hana barci. Ga kuma maganar naɗa shugaban ɗakin hoto ta taso.

A jikin sandar da kan na'ura yake hawa da sauka akwai wata 'yar alamar ƙarfe, inda ake tsayar da shi a nisan da aka saba. Ƙarami a kanta yake ɗora lissafinsa. Wata rana da rana tsaka, kowa ya fita, Babba ya kwance alamar ya matsar da ita sama kamar tsawon tafin hannu, ya ɗaure. Shi in zai ɗauka sai ya sauko da kan na'urar ƙasa kaɗan, inda ya san gaskiyar take.

Lissafin Ƙarami daidai, amma hotunansa suka koma fitowa a koɗe. Ya sake lissafi, ya sake ɗauka, har babban likita ya ja masa kunne a kan ɓarnar fim da yawan haska mutane, ya ce kada ya ƙara maimaita hoto. Da ya kai wa wansa kuka, Babba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ai na gaya maka, aikin nan ba boko ba ne." Ranar nan ya ci abinci har da ƙari.

Ana nan sai Babba ya yi tafiya. A bayansa tsohuwarsu ta zame a banɗaki, ta faɗi a kan ƙugunta. Ƙarami ya kai ta asibiti ya ɗauki hoton da hannunsa. Hoto ya fito dishi-dishi. Likita ya ɗaga shi a haske ya ce bai ga karaya ba, buguwa ce, ta riƙa takawa a hankali. Alhali akwai siririyar tsagewa a wuyan ƙashin cinya, wadda hoto mai kyau zai nuna. Tsohuwa ta yi ta cije baki tana takawa, har ƙashin ya rabu ya goce.

Babba ya dawo ya tarar ba ta iya ko juyawa. Da ganin fim ɗin ya gane aikin hannunsa. Suka mayar da ita asibiti, Babba ya ce shi zai ɗauki hoton. Ƙarami yana tsaye yana gyara mata kwanciya. Cikin ruɗewa hannun Babba ya yi abin da ya saba, ya wuce alamar ya tsaya ƙasa da ita.

Ƙarami ya dubi sandar, ya dubi wansa. Ya ce, "Yaya, me ya sa ba ka tsaya a kan alamar ba?"

Ƙarami ya ɗauko tef ya auna, kuma ga tabon inda alamar take a da, kowa ya gani. Inna tana kwance tana jin komai.

Aka kori Babba daga aiki, babu asibitin da ya sake karɓarsa. An yi wa tsohuwa aiki, amma ba ta sake takawa ba. Ba ta tsine masa ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Sai dai duk sanda ya sunkuya zai ɗaga ta, sai ta kau da kai ta ce, "Bar shi. Kira mini ƙaninka." Haka ya yi ta ji daga bakinta har ta koma ga Allah.

Ya 'yan uwa, ƙaninsa ya nufa da sharri, amma wa ya kwanta a kan teburin? Mai hassada yana zaton shi ke zaɓen wanda cutar za ta samu, alhali ba a hannunsa take ba. Kuma mutum nawa aka haska a banza, nawa aka sallama da ciwon da ba a gani ba, duk a wuyansa? In Allah ya ba ɗan uwanka baiwa, ka yi masa murna, ka zauna ka koya a wurinsa. Da Babba ya ce, "Nuna mini lissafin nan," da wa ya rage shi da komai?

Allah ya wanke zukatanmu daga kishin 'yan uwanmu, kada ya sa hannunmu ya zama sanadin kukan iyayenmu. Allah ya kiyaye mu, amin.