Kifi Tara a Shagon Taliya

Yayana Tsang Kam-fai mutumin kirki ne, sai dai rowa ta yi masa katutu. Muna da ɗan shagon taliya a wani lungu na unguwar Sham Shui Po, shi ke dafawa, ni ke raba kwanuka. Da matarsa Yuk-lan ta rasu, ba ta bar mana ɗa ba, sai wata kyanwa mai ruwan toka, Fei, wadda ta tsinta a bayan kasuwa tun tana 'yar mitsitsiya. Kullum Fei na kwance kan kujerar da marigayiyar ke zama.

Wata rana kyanwar ta yi ciwon haƙori, likitan dabbobi ya karɓi dalar garinmu dubu biyu. Kwana uku Yaya yana mita. A nan ne Mok, amininsa tun na makaranta, mai sayar da kifin ado, ya shigo da shawara. Ya ce kifi ba ya zuwa asibiti, ba ya zubar da gashi a romo, abincinsa na wata bai kai kuɗin kwanon taliya ba. Ga shi yana jawo kasuwa, in an zuba jajaye takwas da baƙi ɗaya kusa da ƙofa. Tunda kuwa kyanwa ba ta zama da kifi, shi zai kai ta gidansa ya riƙe, albarkacin abota.

Na ce, "Yaya, ita kaɗai ta rage mana daga Yuk-lan fa."

Ya ce, "Ai ba ke ke biyan likita ba."

Ina kuka aka saka Fei a kwali.

Mok da kansa ya kawo akwatin gilashin da za a zuba kifayen, ya koya wa Yaya kula da shi: duk Asabar a zubar da ruwan kaf, a wanke duwatsun tas, a cika da ruwan famfo. Yaya ba malalaci ba ne, ko Asabar ɗaya bai tsallake ba. Amma ba a yin mako biyu sai mun tarar da kifi ya juya ciki sama. In ya kira Mok, sai Mok ya ce masa ya gode wa sa'arsa, wata masifa ce ta nufo shagon, kifin ya ɗauke ta. Da wannan maganar duk muka taso, don haka Yaya bai taɓa musu ba. Sai ya ruga wajen Mok ya sayo wani, don kada taran nan su yi giɓi.

Daga kifi aka koma injin tace ruwa, aka sayi na ɗumama shi, aka sayi magunguna, aka sake akwati babba. Kuɗin wuta ya hau. Ɓeraye kuma suka gane babu mai gadi, sai da muka ɗauki mai sa musu magani duk wata. Haka muka yi shekara uku. Duk lokacin da Yaya ya tambayi labarin Fei, sai Mok ya ce lafiyarta ƙalau, amma kada ya je, zai rikita ta.

Wata safiya kifi uku suka mutu lokaci ɗaya. Yaya ya ƙulle su a leda, na raka shi shagon Mok. Ba mu same shi ba, ya fita shan shayi, sai matarsa Siu-ping. Ƙofar ɗakin baya a buɗe take, ga bokitai cike da ruwa a jere. Yaya ya tambaye ta na mene ne.

Ta yi dariya ta ce, "Yaya Fai, kai da ka shekara uku da kifi? Ai ruwan famfo sai an sa masa magani ya kwana, in ba haka ba ya ƙone musu maƙogwaro. Kuma kaɗan ake canzawa. Mok bai gaya maka ba?"

Idon Yaya ya kai kan wani buhun abincin kifi a can ɗakin bayan. Fei ce kwance a kai, ta yi ɓul-ɓul. Siu-ping ta ce ai tun da aka kawo ta ɓera bai sake huda musu buhu ba, dama mijinta ya daɗe yana sha'awarta.

Ana haka Mok ya shigo yana sakace. Ya dube mu, ya dubi bokitan, ya gane. Ko kunya bai ji ba.

"Kasuwa ce, Fai. Kai ka ce mai arha kake so."

Ban taɓa jin na tsani mutum kamar ranar ba. Yaya kuwa durƙusawa ya yi, ya miƙa hannu, ya kira Fei da irin muryar da Yuk-lan ke kiranta. Ta sauko a hankali, ta shinshina ledar matattun kifin da ke hannunsa. Daga nan ta wuce shi, ta je tana goga jikinta a ƙafar Mok.

Mai karatu, kafin ka ce wata dabba ta fi arha, ka duba abin da za ta ci maka a shekaru, ba kuɗin ranar saye kaɗai ba. Kada kuma ka ɗauki shawarar wanda asararka ce cinikinsa, ko da tare kuka taso, sai ka tambayi wani. Abin da aka bar maka amana kuwa, in ka bayar da shi don gudun ɗawainiya, ranar da ka koma nema ba lallai ya san ka ba.