Kwabon da ya ƙi nutsewa

Akwai wani mai sayar da taliya a garinmu Fengdu, tun zamanin da ƙarti ke jan jiragen ruwa da igiya a bakin kogi. Sunansa Ran Baoshan. Taliyarsa akwai daɗi, bakinsa kuwa sai haƙuri.

Mun taso muna jin cewa ƙofar lahira tana kan dutsen garinmu, tun da wasu masu bauta biyu suka hau shi ba su sake saukowa ba. Shi ya sa masu shago ke ajiye kwanon ruwa a bakin ƙofa. In ka zo da yamma, ka jefa kwabonka a ciki. In ya nutse, kai mutum ne. In ya taso, kuɗin matattu ne, kai fatalwa ce.

Baoshan ya ɗauki kansa gwanin wannan harka. Kullum sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ni fatalwa ba ta taɓa lasar romona ba."

Maƙwabciyarsa mai awara takan ce, "Da wannan barkonon naka, ai ko matacce sai ya gudu."

Yana da ƙane, Erwa, mai jan jirgi. Wata damina jirginsu ya kife, aka ce babu wanda ya fita. Aka yi zaman makoki, aka ƙona masa kuɗin takarda kamar yadda ake yi wa mamaci. Uwarsu ta yi kuka har idonta ya mutu.

Bayan shekara biyu, a watan bakwai da ake cewa matattu na yawo, wani mutum ya tsaya a ƙofar shagon da almuru. Ya rame ƙwarai, ga tari, ga ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf.

"Yaya, ni ne Erwa. Masunta suka tsamo ni can ƙasan kogi. Na daɗe a kwance."

Baoshan ya ja da baya. "Tsaya nan! Jefa kwabo."

"Haba Yaya, ni ɗin?"

"Ko ubanmu ne ya dawo sai ya jefa."

Erwa ya lalubo kwabo ɗaya da ya rage masa. Wani mugun mai jirgi ne ya sallame shi da jabu, marar kauri kamar ganye, shi kuma bai sani ba. Ya jefa. Kwabo ya tsaya a saman ruwa.

Daga cikin ɗaki tsohuwa ta ɗaga murya. "Baoshan, muryar autana nake ji!"

"Inna, ki zauna. Haka suke yi, aron murya."

"Yaya, ko romo ka ba ni," in ji Erwa. "Sanyi nake ji. Bar ni in gaishe ta kawai."

"Mun ƙona maka rabonka. Koma inda ka fito!"

Ya rufe ƙofa ya saka sakata. Maƙwabta sun ji komai, amma kowa ya ja tagarsa. Wannan wurin ne ke ci mini rai har yau: unguwa guda, an rasa mai leƙowa.

Da safe mai awara ta fito ta ƙwala ihu. Erwa na kwance a kan matakalar shagon, ya dunƙule, ya riga ya cika. Ga jini a tafin ƙafarsa saboda tafiya. Maza biyu suka ɗaga shi da ƙyar, kowa ya ga mutum ne mai nama da ƙashi.

Tsohuwa ta rarrafo tana lalube, ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa. Ba ta yi kuka ba. Ta juya wajen da take jin numfashin babban ɗanta.

"Jiya da ya tsaya a gabanka, ko hannunsa ka taɓa?"



"Sau biyu ke nan ina binne shi," in ji ta. "Na farko kogi ne. Na biyu kai ne."

Darasi: Kada tsoro da taƙamar sani su rufe maka ido har ka kasa gane ɗan'uwanka a ƙofarka. Kafin ka kori mabuƙaci, matsa kusa ka duba shi da kanka, domin wata nadamar ba ta da gyara. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani ya buɗe ƙofarsa yau.