Tiya Biyun da Ɗangana Ya Riƙe

Ni ce Tabawa mai albasa, ta wani ƙauye gabas da Sabon Gida. Na rasa garkata ta noman albasa, mai rijiya, wadda mijina ya bar mini. Na samu ran ɗiyata da jika namiji. Wanda ya ja mini asarar kuwa ƙanin mijina ne, Ɗangana, mutumin da in ya faɗi magana gaban maza, ko ya gane kuskure ce, gara gida ya kama wuta da ya janye ta.

Ku fara sanin ko ni wace ce. A kasuwar Madawa babu dillalin da bai san ni ba. Ban taɓa sallama kaya a tayin farko ba. Albasata takan kwana cikin rudu, rumbun ajiyar albasa, har damina, sai ta yi tsada in fito da ita. Karatuna bai wuce in gane lamba a jikin takardar kuɗi ba, amma ba a cuce ni a awo.

Bayan babban farin nan na shekarun tamanin, aka ce gwamnati ba ta iya ba da magani kyauta kamar da. Da ma kyautar ta baki ce. In ka je likita, wato ɗan asibitin garinmu, majo mai kula da shi ya duba ka, sai ya rubuta maka takarda ya ce ka sayo a birni. Sai aka zo da sabon tsari: kowane gida ya zuba tiya biyu ta gero da kaka. A sayar, a cika akwatin magani, a ajiye kuɗin isansi, wato mai, na motar asibiti. Gidan da ya zuba, in ciwo ya same shi, asusu ya ɗauki rabi mafi nauyi. Gidan da bai zuba ba, komai a wuyansa.

Gari ya rabu biyu. Maza suka yi ta taro ƙofar maigari, mu mata muna ji ta bayan danga. Majo Surajo, likitan garinmu, ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Ɗangana ya miƙe.

"Majo, lanho, harajin nan da muka biya, ina ya tafi?" in ji shi. "Bana tiya biyu, baɗi huɗu, har ku kai ga rumbu. Na rantse ko ƙwaya ɗaya ba ta fita gidanmu!"

"In kowa ya shiga, biyu ta isa," in ji majo. "In kun ja baya, waɗanda suka shiga su za su ɗauki naku."

"To, su ɗauka. Masu ƙarfin wuya ne."

Aka yi dariya, aka tafa masa. Gidaje da yawa suka bi shi.

Ni ban ce tambayarsa ba ta da kai ba. Ni ma na so a taya, a ce tiya ɗaya da rabi. Amma na san bambancin taya kaya da barin kasuwa. Kuma Zinariya, ɗiyata, ta dawo gida goyon ciki na fari, mijinta yana bida, neman kuɗi, a Abijan. Matsalar ita ce ba a rubuta mace a littafin masu zubi. Tun da mijina ya rasu, ni da ɗakina ƙarƙashin sunan Ɗangana muke. Na auna tiya biyu, na cika su har suna zuba, na juye a ƙwarya, na kai masa.

"Ga nawa. Ka kai, ka ce na ɗakin Tabawa ne."

"Matar yaya, ke da ba ki biyan farashin kowa, yau ke ce da gaggawa?"

"Ka dai kai."

"Aje nan," in ji shi.

Na aje. Da na tambaye shi daga baya, ya ce, "An gama da wannan." Na ɗauka ya kai.

Naƙuda ta kama Zinariya wata safiya da rani. Hajjo ungozoma ta yi iyakar yinta har rana ta take, sannan ta fito ta ce mini yaron a gicciye yake. Muka ɗora ta a amalanke zuwa likita. Majo ya duba, ya ce sai Madawa, sai an yi aiki, kuma yanzu.

"To, kira mota," na ce. "Mun zuba."

Ya dube ni. "Inna Tabawa, gidanku bai zuba ba."

"Tiya biyu, da hannuna na auna!"

"Ba su iso ba. Da ikona ne da na rufe ido. Amma asusun na mutane ne, kuma da ƙyar yake numfashi, don rabin gari bai shiga ba. Isansi da kayan aiki da magani, duka sai kin biya."

Na bar Zinariya tana murƙususu na ruga gida. Na iske Ɗangana a zaure. Bai musa ba. Ya shiga ɗaki ya fito da ƙwaryata, ɗaure da zanen da na rufe ta da shi.

"Ga hatsinki. Ban taɓa ko ƙwaya ba."

Wallahi da ya ci shi da ya fi mini sauƙi.

"Don mi ba ka kai ba?"

"Na rantse gaban mutane. Kina so a gan ni ɗauke da ƙwarya, a ce Ɗangana ya lashe amansa?"

"To, don mi ba ka gaya mini ba, in nemi wani ya kai?"

Ya sunkuyar da kai. "Ai da an ji."

Ba shi da abin ba ni, akuyarsa ɗaya ce. Albasa kuwa lokacin ake cirewa, a banza take, ko na sayar da rudun duka ba ta kai ba. Mutum ɗaya ke da kuɗi a hannu ranar, Alhaji Illa mai kai albasa kudu. Shekara da shekaru yana neman garkata, don rijiyarta ba ta ƙafewa. Ya taɓa taya ta jaka ɗari biyu, na yi masa dariya a tsakiyar kasuwa. Bai manta ba.

"Tabawa, yau da ƙafarki?" in ji shi. "Ai kasuwa ta faɗi."

Ya faɗi tayinsa. Bakina ya buɗe don in ce albarka, kamar yadda na saba. Sai na tuna da kukan Zinariya. Na miƙa hannu.

Mota ta zo kafin la'asar. Aka yi aiki, aka ciro yaro da rai, uwar ma ta tashi. Da shekara ta kewayo aka mai da zubi tiya huɗu, don gidajen da suka shiga ba su da yawa. Ɗangana ya yi ta yawo yana cewa, "Ban gaya muku ba?" Har yau bai yarda shi ya haddasa ba. Ni kuwa na tsaya ƙofar maigari, na ƙi gusawa sai da aka rubuta ɗakina da sunana. Na zuba huɗun, ban taya ba. Yanzu ƙodago nake yi a garkar da ta kasance tawa.

Darasin da nake so ku ɗauka shi ne: ku yi gardama da hukuma, ku tambayi inda kuɗinku ke tafiya, wannan hakkinku ne. Amma wanda zai rantse gaban taro ya tuna akwai masu ciki da masu ciwo a bayansa, su ne za su biya rantsuwarsa. In kuma aka ba ka amana kana jin kunyar kai ta, ka mayar tun da wuri. Ke kuma mace, abin da ya shafi ranki da na ɗiyanki, ki bi shi da ƙafarki har ki ga ya isa. Ni Tabawa, da na ƙi jaka ɗari biyu ina dariya, na sallama garkata jaka sittin, a tayin farko.