Ɗantsito da Wankan Baƙar Beyar

Ga ta nan tafe, ku matso kusa.

A wata ƙasa mai sanyin tsiya, inda ruwa kan daskare, akwai wani kurege mai suna Ɗantsito. Sanyi ya ƙarato, kowa ya cika rumbu, shi kuwa ko ƙwayar gyaɗa bai ajiye ba. In bai yi dabara ba, yunwa za ta kashe shi.

A dajin akwai Baƙar Beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi, mai cin komai: zuma, 'ya'yan itace, har tururuwa. Hancinta kuwa daga bayan tsauni yake jiyo ƙamshi.

Ɗantsito ya sami Dila da Barewa ya ce, "Yayyena, abincinku zai jawo muku Beyar har ɗaka. Ku kawo in ɓoye. In kun gan ta kuma, kada ku gudu. Ni ne Ɗantsito, wanda Beyar ke durƙusa wa." Tsoro ya sa suka kwaso komai, ya jibge a kogonsa.

Da gari ya waye, kwaɗayi ya ce masa saura zumar Beyar. Ya shafe jikinsa da 'yar zumar Dila, ya yi birgima cikin garin gawayi har ya yi baƙi kamar ɗan beyar, ya tafi wurin Beyar, wadda ɗanta ya ɓata kwanaki, ya ce:

"Inna, ni ne ɗanki da ya ɓata."

Beyar ta ce, "Ɗana, ka ƙanƙance. Zo in yi maka wanka."

Abin da gogan ya manta, beyar da harshe take wanke 'ya'yanta. Lasa ɗaya, gawayi ya tafi. Lasa biyu, ta lumshe ido ta ce, "Ɗan nan, ka yi daɗi."

Mai hana gudu ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya haye bishiya, ashe ta fi shi iya hawa. Ya faɗo tim, ya ruga kogonsa, ta biyo ƙamshi. Ta cinye ajiyar kaf, ta yi hamma, ta miƙe a ciki don dogon barcin da beyar kan yi lokacin sanyi, ta ce masa:

"Ka tashe ni bayan wata biyar."

Da gari ya waye, Dila da Barewa suka zo karɓar kayansu. Ɗantsito ya ranta a na kare yana ɗingishi, cikinsa na kuka, yana waiwaye yana cewa, "Ku gode mini. Abincinku na cikin mai gadi, babu ɓarawon da zai taɓa shi."

Ƙurunƙus, kan kuregen da ba ya jin magana.