Lamba Ɗaya, Kuskure Uku

To ku matso, amma kowa ya riƙe hannun damansa da kyau, don ni ma da nake faɗa sai da na ruɗe.

Zamanin jiragen yaƙi masu farfela, akwai wani jirgi mai ɗaukar mutum biyu. Mato ke tuƙi. Jatau na bayansa, ya juya masa ƙeya yana fuskantar wutsiya, gabansa rada, wato gilashin da ke nuna jirgin da ido bai gani ba. Damar Jatau hagun Mato ce, don haka kullum Jatau ya ce dama, sai Mato ya yi hagu. Haka suka saba.

Ran nan makanikensu Ɗan'azumi ya gyara radar cikin sauri, ya juya wayoyi biyu bai sani ba. Abin hagu ya koma fitowa dama.

Aka ce jirgin abokan gaba na tafe cikin hadari zai jefa wa gari bam. Suka tashi. Gajimare ko'ina, ko fiffikensu ba sa gani. Can ɗigo ya fito wa Jatau a dama. To da ma Mato ya sha yi masa gorin shi ke wahalar juyawa, sai Jatau ya ce bari yau ya hutar da shi, ya juya da kansa.

"Hagu, mutumina!"

"Hagun taka ko tawa, ɗan banza?"

Injin na ruri, Jatau bai ji ba. Mato ya juya maganar kamar kullum, ya kwasa dama. Ɗigon ya ɓace, Jatau ya dafe kai yana salati. Suna fitowa daga gajimare sai ga jirgin abokan gaba gabansu. Mato ya sakar masa wuta, ya kakkaɓo shi.

Sai a ƙasa suka ji cewa ɗigon nan na abokan gaba ne, amma jirgin kwamandansu ya ɓata hanya yana ta hagun Mato. Da ɗayansu ya yi daidai, da shi suka bi suka harbe.

Kwamanda ya fito da lambar yabo guda ɗaya tak, ya saurari bayani har sau uku, kansa ya ɗau zafi.

To jama'a, wa za a liƙa wa: Ɗan'azumi da ya juya waya, Jatau da ya juya baki, ko Mato da ya juya jirgi?