Famfon Giya a Kicin Ɗin Wilfried

An yi wani mutum a wani gari kusa da Aalst, a ƙasar Beljiyam, sunansa Wilfried. Shekara talatin yana haɗa wa mashayu famfon giya, ba a taɓa cewa aikinsa ya yi yoyo ba.

In ya tashi daga aiki yakan biya mashayar Fons, abokinsa tun na ƙuruciya. Da ya sha kofi huɗu sai Fons ya janye kofin ya ce, "Tashi ka tafi gida, tsohon banza, kafin matarka Godelieve ta zo ta yi mini tijara." A yi dariya, ya ɗauki hularsa ya tafi wajen matarsa yana ƙunƙuni.

Da ya yi ritaya sai ya ce ya gaji da masu sa masa ido. Ya sauke gangar giya a ɗakin ƙasa, inda suke ajiye dankali, ya jingina mata tukunyar iskar da ke tura giyar sama. Ya huda daɓe, ya jawo tiyo, ya kafa famfo mai ƙyalli a kicin, dab da na ruwa.

Godelieve ta ce, "Yanzu har inda nake girki?"

Ya ce, "Haba uwargida, ba ke ce mai cewa ba na zaman gida ba? To, ga ni."

Ya 'yan uwa, wa zai janye masa kofi yanzu? Babu Fons, babu kwalaben da za a gani a ji kunya. Ya fara da bayan abincin rana. Kafin shekara ta zagayo, da giya yake karya kumallo. Hannun da ake yabo ya soma rawa.

Wata Litinin iskar ta ƙare. Ya sauka da sabuwar tukunya yana tangaɗi, ya haɗa ta a gurguje, ya hau don ya ga kumfa a kofi. Washegari da safe matar ta ce, "Wilfried, ina jin wani abu yana huci a ƙasa."

Ya ce, "Ni za ki koya wa aikina? Anjima zan duba." Ya ƙara kofi, barci ya kwashe shi a kan kujera.

Iskar nan ba ta da wari, ba ta da launi, ƙasa take kwanciya kamar ruwa, in ta taru tana shaƙe mutum har lahira. Wilfried ya fi kowa sani, don ya sha gargaɗin masu mashaya a kanta.

Da rana Godelieve ta sauka ɗebo dankali.

Bai farka ba sai ƙarfe huɗu. Ya kira, shiru. Ya leƙa, ya hango ta kwance a gindin matakala, kwando a gefenta. Ya sauka taku biyar numfashinsa ya sarƙe, nan take ya gane abin da ya faru. Da rarrafe ya fito yana ihu.

'Yan kwana-kwana ne suka fito da gawarta. Ɗayansu ya tsinci 'yar robar da ke toshe bakin tukunyar a kan ganga, ba a ma sa ta ba. Ya miƙa wa Wilfried.

Kotu ta kira abin hatsari. Shi bai taɓa kiransa haka ba. 'Yarsu tilo ta zo jana'iza, ta ƙi haɗa ido da shi. Ya ƙare a gidan tsofaffi, ana ba shi miya a baki, yana tambayar masu jinya ko an buɗe tagar ɗakin ƙasa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba jahili ba ne, ba kuma mugu ba. Saɓo ya ɗauko daga waje ya yi masa mazauni a cikin gida, ya nisanci mai ce masa ya isa. Wadda ba ta taɓa kurɓa ba ita ta fara tafiya. Me kuka shigo da shi gidajenku don kada a gan ku? Wa kuka daina ziyarta saboda yana gaya muku gaskiya?

Allah ya kiyaye mu da abin da hannayenmu ke haɗawa, kada ya raba mu da masu tsawata mana. Amin.